Darasin Gwamnati da Siyasa a Sakandaren Amurka: Hadda Ce, Farfaganda Ce, ko Horon Kafa Hujja?

Shin abin da ake koya wa ɗan shekara 17 a ajin gwamnati da siyasa a makarantun sakandaren Amurka ilimi ne, ko kuwa cusa ra'ayin jam'iyya ne aka lulluɓe da rigar ilimi? Tambayar ta daɗe a bakin iyaye da 'yan majalisun jihohi a can, kuma takan sake kunno kai duk lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci mai zafi ko zaɓe ya ƙarato. Akwai kuma masu raina darasin, waɗanda ke ɗaukarsa haddar ofisoshi ce kawai: sanatoci nawa ne, wa'adinsu shekara nawa, wa zai hau kujera in shugaban ƙasa ya mutu. Duka ɓangarorin biyu sun yi masa gurguwar fahimta. Darasin da aka fi ce-ce-ku-ce a kansa, wato na tsarin AP, an gina shi ne a kan tambaya guda wadda ɗalibi zai yi ta fama da ita tun farkon zango har ranar jarrabawa: wa ke da hurumin yin wannan abu, a ina aka rubuta haka, kuma wa zai iya taka masa birki?

Mene ne AP, kuma a hannun wa yake?

AP tsari ne da ke bai wa ɗalibin sakandare damar yin darasi mai nauyin ajin farko na jami'a tun bai bar makaranta ba. Mutane da yawa sun ɗauka na gwamnatin Amurka ne, alhali ba nata ba ne. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda ba don riba aka kafa ta ba, mai suna College Board, ke gudanar da shi tun tsakiyar shekarun 1950, kuma ita ce dai ke shirya SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. A Amurka ilimi hurumin jihohi ne da gundumomin makarantu, babu manhaja ɗaya da Washington ke ɗora wa kowa. Shi ya sa manhajar AP ta yi nauyi haka: ɗalibi a Texas da ɗalibi a Massachusetts ba littafi ɗaya suke karantawa ba, amma jarrabawa ɗaya za su zauna a watan Mayu.

Kafin makaranta ta sa tambarin AP a takardar sakamakon ɗalibi, sai malamin ya miƙa tsarin koyarwarsa an duba an amince. Bayan haka zaɓin littafi da jerin darussa nasa ne. Wasu makarantu suna cinye darasin a rabin shekara, wasu suna ba shi shekara cur, kuma galibi 'yan aji 11 ko 12 ne ke yin sa. Sakamako yana fita a watan Yuli, daga maki 1 zuwa 5. Darasin yana da ɗan'uwa, wato darasin kwatanta gwamnatoci, wanda ke nazarin ƙasashe shida: Birtaniya, Sin, Iran, Meziko, Najeriya da Rasha. Jarrabawarsu daban, kuma sau da yawa iyaye kan gauraya su.

Tun daga gyaran da ya fara aiki a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, an kasa darasin kashi biyar: tushen dimokuraɗiyyar Amurka, mu'amala tsakanin ɓangarorin gwamnati, 'yanci da haƙƙoƙin ɗan ƙasa, aƙidun siyasa, sai shigar jama'a cikin siyasa. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kashi na biyu shi ne ƙashin bayan jarrabawar, domin yana ɗaukar kashi 25 zuwa 36 cikin 100 na tambayoyin zaɓin amsa, na aƙidu kuwa 10 zuwa 15 ne kawai. Ɗalibin da ya raba lokacinsa daidai wa daida a kan kashi biyar ɗin ya yi wa kansa ƙwauro.

Takardun tushe: gardama ce aka adana

Gyaran 2018 ya ware takardu tara da dole ɗalibi ya karanta su da kansa. Hikimar zaɓinsu ita ce ba bakinsu ɗaya ba. Gardama ce tsakanin mutanen da suka kafa ƙasar, aka ajiye wa yara su shiga cikinta. Cikinsu akwai shelar 'yancin kai, yarjejeniyar ƙawancen jihohi da kundin tsarin mulki.

Bayan shelar 'yancin kai ta 1776, jihohi 13 sun haɗu a ƙarƙashin wata yarjejeniyar ƙawance da ta fara aiki a 1781. Saboda sun sha wuyar sarkin Ingila, sai suka kafa gwamnatin tsakiya mara haƙori da gangan. Ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Babu shugaban ƙasa, babu tsarin kotunan tarayya. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, babbar doka sai jihohi 9 sun yarda, gyaran yarjejeniyar kuwa sai duka 13. A 1786 manoman yammacin Massachusetts, waɗanda bashi da haraji suka yi wa katutu, suka ɗauki makamai suna rufe kotuna don hana a ƙwace musu gonaki, boren da aka laƙaba wa sunan Daniel Shays. Gwamnatin tsakiya ba ta da kuɗin tara sojan da zai kwantar da shi. Wannan na cikin abin da ya kai wakilai Filadelfiya a 1787, inda aka rubuta kundin tsarin mulkin da ake amfani da shi har yau.

Kundin kansa ciniki ne. Manyan jihohi sun so wakilci bisa yawan jama'a, ƙanana sun so daidaito, sai aka yi majalisa biyu: ta Wakilai bisa yawan mutane, ta Dattawa kuma sanata biyu ga kowace jiha. Akwai kuma cinikin da ya zame wa tarihin ƙasar tabo, inda aka amince a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, abin da ya ƙara wa jihohin masu bayi ƙarfi a majalisa alhali bayin ba su da ta cewa. Manhajar ba ta ɓoye wannan ba, kuma ana tambaya a kansa.

Daga nan sai muƙalun da aka yi ta bugawa a jaridu don jan ra'ayin jama'a kan a amince da sabon kundin ko a ƙi shi. Wani marubuci da ya sakaya sunansa da Brutus ya ce ƙasa mai faɗi irin wannan ba za ta zauna jamhuriya ba: wakilai za su yi nisa da talakawa, kuma sassa biyu na kundin, wanda ya ba majalisa ikon yin duk dokar da ta zama dole kuma ta dace, da wanda ya ɗora dokar tarayya a kan ta jiha, za su haɗiye jihohi. A muƙala ta 10 cikin jerin Federalist, wato muƙalun masu goyon bayan kundin, James Madison ya kawo akasin wannan hujja. Ya ce rarrabuwar mutane zuwa gungu-gungu masu son kansu ɗabi'ar ɗan Adam ce, ba a kawar da ita sai an kashe 'yanci, don haka abin yi shi ne a rage cutarwarta. Faɗin ƙasa a wurinsa kariya ce, domin in gungun suka yi yawa, da wuya ɗaya ya tara rinjayen danne saura. A ta 51 ya ƙara da cewa kada a dogara da kirkin masu mulki, a tsara ofisoshi yadda burin wannan zai tare burin wancan. Alexander Hamilton ya kare shugaban ƙasa guda mai kuzari a ta 70, ya kuma kare alƙalai masu wa'adin rai-da-rai a ta 78, bisa hujjar cewa kotu ba ta riƙe da takobi, ba ta riƙe da lalita. Ta ƙarshe a jerin ita ce wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, yana mayar da martani ga malaman addini fararen fata da suka ce ya yi haƙuri ya jira.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haddace jimla ɗaya kan kowace takarda. Jimlar za ta iya cin tambayar zaɓi, amma ba za ta ɗauki nauyin muƙala ba, domin a can ana son ɗalibi ya ɗauko hujjar Brutus ya auna ta da wani abu na yau.

Tarayya da jihohi: shari'u biyu da ke jan igiya

In ana son ganin yadda darasin ke aiki, a dubi shari'u biyu. A 1819 jihar Maryland ta kai ruwa rana da bankin tarayya bayan ta ɗora wa reshensa na Baltimore haraji. Kundin bai ambaci kafa banki ba ko sau ɗaya. Duk da haka Kotun Ƙoli ƙarƙashin alƙalin alƙalai John Marshall, a shari'ar McCulloch da Maryland, ta ce tunda an ba majalisa ikon karɓar haraji da cin bashi, to kafa banki hanya ce ta aiwatar da su, kuma jiha ba ta da hurumin ɗora wa hukumar tarayya haraji. Ƙofar ikon da ba a rubuta ɓaro-ɓaro ba ta buɗe ke nan.

A 1992 kuma aka kama wani ɗalibin ajin ƙarshe a San Antonio da bindiga a makaranta, aka tuhume shi da karya dokar tarayya ta 1990 da ta haramta bindiga a harabar makarantu. Tambayar da ta isa kotu ita ce: da wane iko majalisar tarayya ta yi wannan doka? Lauyoyin gwamnati suka ce da ikon tsara kasuwanci tsakanin jihohi, domin bindiga a makaranta tana jawo tashin hankali, tashin hankali yana lalata karatu, lalacewar karatu tana taɓa tattalin arziki. A 1995, alƙalai 5 cikin 9 suka ce igiyar ta yi tsawo; in aka karɓi wannan hujja babu abin da zai rage wa jihohi. Aka soke dokar. Wannan ita ce shari'ar Amurka da Lopez.

Ga inda ɗalibai ke zamewa kowace shekara: da sun ga kalmar bindiga sai su rubuta cewa shari'ar Lopez a kan gyara na 2 na kundin tsarin mulki ce, wato haƙƙin mallakar makami. Sam ba ta shafe shi ba. Magana ce ta iyakar ikon tarayya. Wadda ta shafi gyara na 2 ita ce McDonald da Chicago ta 2010. Labarin shari'a daban, sashen kundin da aka yi hukunci a kansa daban, kuma na biyun ake ba maki.

Akwai kuma ikon lalita. Tarayya ba ta da hurumin tsayar wa jihohi shekarun shan barasa kai tsaye, amma a 1984 majalisa ta yi dokar rage kuɗin gina manyan hanyoyi ga duk jihar da ba ta mayar da shi 21 ba. Cikin 'yan shekaru kowace jiha ta bi.

Ɓangarori uku da wuraren da suke karo

Alƙaluman farko ba su da wuya. Majalisar Wakilai mutum 435 ce, wa'adin shekara 2. Ta Dattawa 100, wa'adin shekara 6, ana sabunta kashi ɗaya cikin uku duk shekara biyu. Alƙalan Kotun Ƙoli 9 ne tun 1869, kuma majalisa ce ta tsayar da adadin, ba kundin ba. Shugaban ƙasa na iya hawa kujerar na-ƙi kan doka, majalisu biyu su ture na-ƙin nasa da rinjayen kashi biyu cikin uku. Wakilai ne ke tuhumar shugaba da rinjaye mai sauƙi, Dattawa su yi shari'ar, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda kafin a sauke shi. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, amma ba a taɓa sauke ko ɗaya ba.

Inda darasin ya wuce hadda shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi. Kundin bai san filibasta ba, wato dabarar jan muhawara a Majalisar Dattawa don hana a kai ga ƙuri'a. Ƙa'idar cikin gida ce, amma saboda ita yawancin dokoki na buƙatar sanatoci 60 kafin a rufe muhawara. Shi ya sa jam'iyya ke iya riƙe fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu, ta kuma kasa zartar da abin da ta yi alkawari. An cire wannan shinge ga yawancin naɗe-naɗe a 2013, aka cire shi ga alƙalan Kotun Ƙoli a 2017. Haka batun yaƙi: kundin ya ba majalisa ikon ayyana shi, amma rabon da ta yi hakan a hukumance tun 1942. Dokar 1973 ta ce shugaba ya sanar da majalisa cikin sa'a 48 in ya tura soja fagen fama, ya kuma janye su bayan kwana 60 in ba a ba shi izini ba, sai dai shugabannin jam'iyyun biyu sun sha lanƙwasa ta.

Abin da ake kira rufewar gwamnati shi ma daga nan yake. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Oktoba, kuma kundin ya hana fitar da kuɗi daga baitulmali sai da dokar majalisa. In ba a daidaita ba, ma'aikatu da yawa su tsaya, ma'aikata su zauna babu albashi, kamar yadda aka yi kwana 35 daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019. Ikon kotu na soke doka kuwa, wanda mutane ke ɗauka an rubuta shi tun farko, kotun ce ta tabbatar wa kanta shi a shari'ar Marbury da Madison a 1803.

Ɓangaren da ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na ma'aikatu da hukumomi. Ba ya da armashi, amma tambayoyi na fitowa daga cikinsa sosai: yadda majalisa ke yin doka a dunƙule ta bar wa hukuma rubuta ƙa'idojin aiwatarwa, da yadda take bin sawunta ta hanyar zaman sauraron bahasi da riƙe kasafi.

'Yanci, haƙƙi da zaɓe

Gyare-gyare goma na farko, na 1791, asali gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure. Jihohi ba su shiga ciki ba sai da Kotun Ƙoli ta riƙa amfani da gyara na 14, na 1868, tana ɗora musu haƙƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a ƙarni na 20. Misali, sai a 1963, a shari'ar Gideon, aka wajabta wa jihohi ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya kyauta. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta ruɗewa a kashi na uku gaba ɗaya.

Shari'u da dama sun shafi makaranta, abin da ke sa yara su ji maganar a jikinsu. Brown ta 1954 ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Tinker ta 1969 ta kare ɗaliban Iowa da aka kora na ɗan lokaci saboda ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don nuna adawa da yaƙin Biyetnam. Sai biyu da ake yawan musanyawa: Engel ta 1962 ta hana hukumar makarantar gwamnati shirya wa yara addu'a, saboda gwamnati ba ta kafa addini, Yoder ta 1972 ta ba iyayen Amish, wata al'ummar Kirista, damar cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji 8, saboda gwamnati ba ta hana mutum bin addininsa. Duka a gyara na 1 suke, amma sassa biyu ne daban.

A batun zaɓe, abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne wakilan zaɓe 538 da ke zaɓar shugaban ƙasa a madadin jihohi, inda ɗan takara ke neman 270. Jihohi 48 suna ba wanda ya zo na ɗaya duka wakilansu, Maine da Nebraska ne kaɗai ke rabawa. Ta haka George W. Bush a 2000 da Trump a 2016 suka ci alhali abokan karawarsu sun fi su ƙuri'un jama'a. Ana kuma nazarin zaɓen fidda gwani, shata mazaɓu don son rai bayan ƙidayar da ake yi duk shekara 10, ƙungiyoyin kamun ƙafa, da hukuncin Citizens United na 2010 da ya sakar wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago mara su kashe kuɗi a yaƙin neman zaɓe muddin ba su haɗa kai da ɗan takara ba.

Jarrabawar, da inda maki ke zubewa

Sa'a 3 ce. Tambayoyin zaɓin amsa 55 a minti 80, rabin maki ke nan, kuma ba a rage wa mutum komai don ya yi kuskure, saboda haka barin gurbi asara ce. Sauran rabin tambayoyi huɗu ne na rubutu a minti 100. Daga 2025 a kwamfuta ake yin ta.

Ta farko tana kawo wani yanayi, ɗalibi ya ɗora masa abin da ya koya, maki 3. Ta biyu alƙaluma ce, jadawali ko taswira ko zane, maki 4. Ta uku tana taƙaita wata shari'a da ba ta cikin manhaja, a ce ya kwatanta ta da ɗaya daga cikin shari'un da manhaja ta wajabta sani, maki 4. Ta huɗu muƙalar kafa hujja ce, maki 6, kuma ana ba da shawarar a ware mata minti 40, sauran ukun 20 kowace. Duk da bambancin makin, nauyinsu ɗaya ne a lissafin ƙarshe, don haka wanda ya ƙone lokacinsa a muƙala ya bar ta alƙaluma ya yi cinikin asara.

Babban ramin shi ne umarnin tambaya. In an ce ambata, kalma ko jimla ta wadatar. In an ce bayyana yadda ko dalilin da ya sa, dole a ga sarƙar sanadi. A ce an tambayi yadda majalisa za ta iya mayar da martani ga wani umarnin shugaban ƙasa. Ɗalibi ya rubuta: majalisa za ta taka masa birki da ikonta. Gaskiya ne, amma babu maki, domin bai faɗi wane iko ba, bai nuna yadda zai yi aiki ba. Wani ya rubuta: majalisa na iya ƙin sa kuɗin aiwatar da umarnin a kasafi, kuma tunda hukuma ba ta kashe abin da ba a ware mata ba, ba za ta iya ɗaukar ma'aikatan da za su yi aikin ba. Wannan ya ci. Ilimin su biyun kusan ɗaya ne, amma na biyun ya kai maganar ƙarshenta.

A tambayar alƙaluma, ana yawan gauraya adadi da kaso, ko a kwafe lamba ɗaya alhali an ce a siffanta yadda abu ya riƙa sauyawa cikin shekaru. A ƙuri'ar jin ra'ayi mai tazarar kuskure ta maki 3, in wani ya sami 48 wani 46, ba a cewa na farko yana gaba. A muƙala kuwa, maki ɗaya na matsaya ne, uku na hujjoji, ɗaya na nuna yadda hujjar ta tallafi matsayar, ɗaya na fuskantar ra'ayin da ya saɓa. Matsayar da ta ce kowane ɓangare yana da gaskiyarsa ba matsaya ba ce, kuma in ta faɗi takan ja wasu makin su tafi tare da ita. Dole hujja ɗaya aƙalla ta fito daga takardun tushen da tambayar ta lissafa. Makin ƙarshe shi ne aka fi rasawa, domin ɗalibai kan ambaci ra'ayin abokin hamayya su wuce, alhali ana son su rushe shi ko su amsa masa.

Masu suka da abin da suke faɗa

Masu ra'ayin riƙau suna zargin cewa malamai da dama sun karkata hagu, wato ɓangaren masu ra'ayin sauyi, kuma ajin siyasa shi ne wurin da karkatar ta fi sauƙin fitowa. Rashin yarda da College Board ya ƙaru a 2023, lokacin da jihar Florida ta ƙi amincewa da wani darasinta na nazarin baƙaƙen fatar Amurka. Darasi ne daban, amma ƙurar ta shafi sunan AP baki ɗaya. Masu ra'ayin sauyi kuma suna ganin manhajar ta cika jingina da iyayen ƙasa na ƙarni na 18: cikin takardu taran nan ɗaya ce ta baƙar fata, babu ta mace ko ɗaya. Wasu malamai damuwarsu daban ce, cewa tseren gama manhaja kafin Mayu yana kashe tattaunawa mai zurfi. A 2018 wasu fitattun makarantu masu zaman kansu takwas a yankin Washington sun sanar da cewa za su daina darussan AP saboda irin wannan dalili.

Zargin farfaganda bai kama jarrabawar ba. Malaman sakandare da na jami'a da ke taruwa a watan Yuni don duba amsoshi suna bin ma'auni ne a rubuce, kuma ma'aunin bai tambayi wane ɓangare ka ɗauka ba. Wanda ya goyi bayan ƙarfin tarayya da wanda ya goyi bayan jihohi duk za su iya cin 6 cikin 6. Abin da ke faruwa a cikin aji kuwa ya rataya ne a wuyan malami, kuma iyaye suna da gaskiya su sa ido a nan. Raunin da ya fi cancantar a damu da shi shi ne ƙarancin kulawa da gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma, alhali su ne ke riƙe da 'yan sanda, makarantu da harajin gidaje, su ne kuma ke gudanar da zaɓen kansa. Sai rashin daidaito: makarantun karkara da na unguwannin talakawa ba su cika samun darussan AP da yawa ba. Duk wannan a ƙasar da gwajin ƙasa na 2022 ya nuna kashi 22 cikin 100 ne kawai na 'yan aji 8 suka kai matakin ƙwarewa a ilimin zama ɗan ƙasa.

Abin da ya shafi ɗalibi da iyayensa

Kuɗin jarrabawar ya kusa dala 100 a cikin Amurka, ya fi haka a waje, kuma akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, wasu jihohi da gundumomi ma suna biya wa ɗalibansu. Ribar ita ce jami'a na iya yafe wa ɗalibi kwas guda, wanda kuɗinsa ya ninka wannan sau da yawa. Sai dai kowace jami'a da ƙa'idarta: da yawa suna karɓar maki 3, wasu sai 4 ko 5, wasu ba sa yafewa sam. A duba ƙa'idar jami'ar da ake hari kafin a yi lissafin riba. Rajista tana rufewa ne tun wajen Nuwamba, ba dab da Mayu ba, kuma jinkiri yana jawo tara. Wanda ba a koyar da darasin a makarantarsa yana iya zama jarrabawar, amma shi zai nemi makarantar da za ta karɓe shi, kuma da wuri.

Manhajar tana motsi. Shari'un dole 15 ne a farko, sai aka cire Roe da Wade, ta batun zubar da ciki, bayan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a Yunin 2022, suka koma 14. Jerin takardun tushe shi ma ana iya taɓa shi. Tsohon littafin bita da aka gada daga yaya ko aka saya hannu na biyu zai iya ɗauke da tsarin jarrabawar da aka daina, musamman in an buga shi kafin 2018. A sauke bayanin manhaja na shekarar da ake ciki daga shafin College Board, tare da tambayoyin shekarun baya da ma'aunin da aka duba su da shi, duk kyauta ne, a riƙa amsa su da agogo a gaba.